Lasin Tuƙin Jirgin Sama Ba Gadon Gida Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko daga Ikko zuwa Kano, ko daga Kano zuwa Jidda don sauke farali, ya danƙa ransa ne a hannun mutane biyu waɗanda bai san su ba, galibi ma har ya sauka ba zai ga fuskokinsu ba. Abin da ke tsakaninsa da su amana ce, amanar nan kuwa a rubuce take cikin 'yan takardun da direban jirgi ke ɗauke da su a jakarsa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, galibin takardun nan suna da ranar ƙarewa, kuma ran da ɗaya ta ƙare, ko da direban ya shekara talatin yana tuƙi, doka ta hana shi tashi da fasinja sai ya sabunta ta.

Asalin wannan ƙa'ida tun daga shekarar 1944 ne, sa'ad da wakilan ƙasashe suka taru a birnin Cikago na Amurka suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, wadda hedkwatarta ke Mantiriyal ta ƙasar Kanada. Yarjejeniyar ta wajabta a riƙa tafiya da lasin kowane ma'aikacin jirgi a duk tafiyar da za a ƙetare iyakar ƙasa, ta kuma ba hukumar ƙasar da aka sauka ikon ta shiga jirgin ta duba takardun. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1960, kuma a yau hukumar NCAA ce ke ba da lasin da sabunta shi a wannan ƙasa. Makarantar koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya kuwa, wadda aka kafa a 1964, ita ce uwa ga da yawa daga cikin direbobinmu.

Lasin Hawa-hawa Ne

Lasin tuƙin jirgi iri-iri ne. Akwai na mai tuƙi don kansa, wanda ake ba ɗan shekara 17 bayan ya yi aƙalla awa 40 a sama, amma bai halatta ya ɗauki kowa don kuɗi ba. Akwai na sana'a, wanda ke neman shekara 18 da kimanin awa 200. Sa'an nan akwai babban lasin da sai da shi mutum ke zama kyaftin a manyan jiragen fasinja, shi kuwa sai an kai shekara 21 da awa 1,500.

Har ila yau lasin shi kaɗai bai wadatar ba. A cikinsa ake rubuta izinin tuƙa kowane irin jirgi, domin wanda ya ƙware a kan Boeing 737 ba zai hau Airbus A320 ba sai ya sake karatu da jarrabawa. Akwai kuma izinin tuƙi da na'urori kaɗai, don lokacin da hazo ko gajimare ya rufe ƙasa, kamar yadda kan faru a filayen jiragenmu na Arewa da hunturu. Kamfani kuwa dole ne ya jarraba direbobinsa sau biyu a shekara, galibi cikin na'urar kwaikwayon jirgi, inda za a kashe musu inji ko a nuna wuta ta kama, a ga yadda za su yi. Bugu da ƙari, direban da bai tashi ya sauka sau uku ba cikin kwana 90 da suka wuce, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya cike wannan gurbi. Tun daga 2008 kuma aka ƙara da jarrabawar Turanci ga masu ƙetare iyaka, saboda rashin fahimtar juna tsakanin direba da mai ba da hanya ya sha jawo asarar rayuka.

Takardar Likita

Daga cikin takardun nan, wadda ta fi tayar wa direba hankali ita ce ta shaidar lafiya, domin sauran duk karatu da ƙoƙari ke samar da su, ita kuwa jiki ne ke yanke hukunci. Ba kowane likita ke ba da ita ba, sai wanda hukuma ta naɗa. Zai auna gani da ji, da iya bambanta launuka, da bugun zuciya, da hawan jini, da fitsari don gano ciwon sukari, ya kuma yi tambaya game da lafiyar hankali da magungunan da mutum ke sha.

Bisa ƙa'idar ICAO, takardar direban sana'a wata 12 take yi. Idan ya haura shekara 40 kuma shi kaɗai ke tuƙa fasinja, ko kuwa ya kai shekara 60, sai ta koma wata 6. Tun daga 2006, shekara 65 ce iyakar tuƙin jiragen haya tsakanin ƙasa da ƙasa. To, amma ranar da ke rubuce a takarda ba ita ce ƙarshen magana ba. Ƙa'ida ta ce duk lokacin da direba ya san lafiyarsa ta ragu, to, ya ajiye tuƙi nan take, ko da saura wata goma takardarsa ta ƙare. Nan ne Bahaushe ke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Ran 18 ga Yuni, 1972, wani jirgin Ingila da ya tashi daga Landan zai tafi Burasels ya faɗi kusa da garin Siten 'yan mintoci bayan tashinsa, mutum 118 suka halaka. Da aka binciki gawar kyaftin ɗin sai aka tarar hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe ƙwarai, abin da awon da aka yi masa a baya bai nuna ba. Ran 24 ga Maris, 2015, mataimakin direban wani jirgin Germanwings ya kife jirgin da gangan a duwatsun Faransa, mutum 150 suka mutu. Takardar lafiyarsa ba ta ƙare ba, amma a gidansa an sami takardar likita da ta ba shi hutun rashin lafiya har da wannan rana, ya yayyage ta bai nuna wa kamfani ba.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa kuwa ba za su manta da Emiliano Sala ba, ɗan wasan Ajantina da ya mutu ran 21 ga Janairu, 2019, sa'ad da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Nant ta Faransa zuwa Kadif ya faɗa teku da dare. Masu bincike sun ce mai yiwuwa hayaƙin inji mai guba ya taɓa direban, amma sun kuma tabbatar lasinsa bai ba shi ikon ɗaukar fasinja don kuɗi ba, ba shi da izinin tuƙin dare, izininsa na tuƙa irin wannan jirgi kuma ya ƙare tun watanni kafin ranar. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18. Wannan darasi ya shafe mu, ganin cewa a 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu saboda yin haya da su a ɓoye.

Illar kuma takan wuce mutum ɗaya ta shafi ƙasa baki ɗaya. A watan Yuni na 2020, ministan jiragen sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa direbobi 262 daga cikin 860 akwai shakka a kan lasinsu. Ko da yake bincike ya rage adadin daga baya, ƙasashen Turai sun rufe wa kamfanin jiragen ƙasar ƙofa, ba su buɗe ba sai a ƙarshen 2024.

Nauyin Kan Wa Yake?

Babu shakka akwai abin tausayi a al'amarin direba. Mutum ya kashe dukiya mai yawa ya yi karatu, iyali da dangi sun dogara gare shi, sa'an nan awon rana ɗaya na iya zaunar da shi a gida. Wannan tsoro ne kan sa wasu ɓoye ciwo, ko su sayi magani a kemis ba da sanin likitan hukuma ba. Amma gaskiyar magana ita ce, cututtuka da dama, kamar hawan jini, idan an shawo kansu da maganin da hukuma ta yarda da shi, akan mayar wa mutum takardarsa, wani lokaci bisa sharaɗi, kamar ya riƙa sa tabarau ya kuma ajiye na biyu kusa, ko kada ya yi tuƙi sai da abokin aiki. Wanda aka kama da ƙarya kuwa, lasin da mutunci duka yake asara.

Saboda haka ya kamata direba ya san ranar ƙarewar kowace takarda tasa kamar yadda ya san sunansa, ya nemi likita tun da sauran makonni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma riƙa cika littafin awoyinsa bisa gaskiya. Kamfani kada ya sa sunan wanda takardarsa ta ƙare cikin jerin masu aiki don gudun soke tafiya, kada kuma ya mayar da faɗin rashin lafiya laifin kora, in ba haka ba kowa zai yi shiru. Hukuma ita ma ta hanzarta sabunta takardu ga wanda ya cika sharaɗi, ta tsananta wa wanda bai cika ba, ko ɗan wane ne. Fasinja dai ba shi da ikon cewa a nuna masa lasin kafin ya zauna, saboda haka waɗannan uku ne idonsa.