Tambayar da ake jin nauyin yi wa likita

A Bafarawa da ƙauyukan Isa da Sabon Birni na Jihar Sakkwato, mace kan shekara tana wanke tsumma a ɓoye, ko 'yar'uwarta ba ta gaya wa fitsari na zubo mata ba. Ciwon ƙasan mara ciwon kunya ne, ko yoyon fitsari ne, ko zazzagowar mahaifa, ko ɗigar da ke biyo bayan tari. Ta wannan ƙofa manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira suka shigo. ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, Meta AI kuma ta bayyana a WhatsApp ɗin 'yan Nijeriya a 2024. Ba su da ido, balle a ji nauyinsu.

Bayanin da mai yoyon fitsari ke buƙata bai fi ƙarfin manhaja ba. Naƙuda ce ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya matse mafitsara da ƙashin ƙugu har jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Ba iska ba ce, ba sammu ba. Yankan gishiri ma kan jawo yoyon. Sannan akwai maganar lokaci: Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan Holan da ya daɗe yana ɗinki a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari tun a makonnin farko, ƙaramar ƙofa na iya rufewa da kanta ba tare da tiyata ba. Wadda ta ji haka da wuri za ta nufi Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, maimakon ta ɓata watanni tana shan jiƙo.

Sai dai manhajar ba ta duba jiki, kuma ko ta yi kuskure ba ta inda-inda. Turancinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, 'yar Hausar ma ta littafi ce, ba irin ta bakin Bagobira ba. Wayar kuma sau da yawa ta maigida ce ko ta ɗa, hirar tana nan ajiye ga duk wanda ya buɗe. Ina sirrin yake ke nan?

Ga kuma sabis. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni na ciki.

Shi ya sa, a yanzu dai, manhajar ta fi dacewa da hannun ma'aikaciyar asibitin gari. Ita za ta tambaya, ta auna amsar da abin da aka koya mata, ta sauƙaƙa wa matan da suka zo awon ciki, sannan ta rubuta takardar tura maras lafiya Sakkwato.