Ceto Shaidar Faɗuwar Ƙwayar Linux a kan Uwar-garke

1. Gabatarwa

Ƙwaya, wadda ake kira noyau da Faransanci, ita ce sashen Linux da ke sarrafa ƙwaƙwalwar aiki da sauran kayan na'ura. Idan ta faɗi, uwar-garke takan tsaya cik. Da zarar an sake kunna ta, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya shafe, har da shaidar musabbabin faɗuwar. Wannan ƙasida za ta duba yadda ake ceto shaidar da kdump, wanda ya shiga Linux 2.6.13 a shekarar 2005.

2. Tushen dabarar

Ƙwayar da ta rikice ba a amince mata ta rubuta komai a faifai. Saboda haka tun wajen kunnawa akan keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa, a ajiye ƙwaya ta biyu a ciki. Idan ta farko ta faɗi, kexec zai tayar da ta biyu ba tare da bi ta BIOS ba, wato ƙwaƙwalwar ba za ta shafe ba. Ta biyun tana ganin ta a /proc/vmcore, sannan makedumpfile ya kwafe ta zuwa /var/crash.

3. Shiri da gwaji

Da farko a ƙara crashkernel=256M, alal misali, cikin umarnin GRUB, a sake kunna na'ura. Na biyu, a duba /sys/kernel/kexec_crash_loaded: 1 na nufin ƙwaya ta biyu tana shirye. Na uku, a kayar da ƙwayar da gangan ta rubuta c cikin /proc/sysrq-trigger, a lokacin da babu mai aiki da na'urar.

4. Matsaloli

Idan aka ga 0, galibi ba a keɓe yankin ba ne, ko kdump bai tashi ba. Idan yankin ya yi kaɗan, ƙwaya ta biyu ma takan mutu kafin ta gama kwafi. Idan faifai ne ya cika, zaɓin -d 31 yana zubar da shafukan da bincike ba ya bukata. Ɗaukewar wutar lantarki kuwa ba ta barin vmcore, domin ƙwayar ba faɗuwa ta yi ba.

5. Kammalawa

Karanta vmcore da manhajar crash yana bukatar vmlinux mai alamomin bincike, na sigar ƙwayar da ta faɗi daidai. Ya kamata a tanade shi tun da wuri, a kuma maimaita gwajin duk sa'ad da aka sabunta ƙwaya.