Kalmar Turanci "Perfect": Ma'anoninta da Fassararta

Malamin da ke koyarwa a makarantun Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato, yakan gamu da kalmar "perfect" a darasin nahawu, da na lissafi, da kuma cikin hira. In ya ba ta fassara ɗaya tak a wuraren nan uku, to, ya ɓatar da almajiransa.

Asalinta Latin ne, "perfectus", watau abin da aka yi har ƙarshensa. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci wajen shekara ta 1300, ana rubuta ta "parfit". Daga baya masana suka gyara rubutun ya dace da na Latin. Ashe ma'anarta ta fari ita ce gamawa. Rashin aibi reshe ne, domin abin da ya cika ba a ganin giɓi gare shi. Hausa kuwa ta raba ma'anonin da kalmomin da ta aro daga Larabci: akan kammala aiki, amma mutum akan shaide shi da kamala.

A nahawu gamawa ake nufi. "They have come" shi ne "sun zo", sai dai "sun zo" ya ɗauki "they came" ma. Yaro yakan zaci "sunka zo" na Sakkwatanci, watau "suka zo" na Kananci, shi ne "they came". Ba haka ba ne. Ginin jimla ne ke kawo "sunka", ba lokaci ba, kamar a tambaya: "Yaushe sunka zo?"

A lissafi ana kiran adadi "perfect" in adadan da ke raba shi daidai, ban da shi kansa, suka haɗu suka ba da shi. Misali 6, domin 1 da 2 da 3 sun tashi 6, haka 28.

A hira kuma takan zo don ƙarfafawa kawai. "A perfect stranger" ba kamilin baƙo ba ne, wanda ba a sani ba ne sam.

Saura yabo. Bahaushe yakan ce kamala sai Allah, saboda haka in an rubuta wa yaro "perfect" a littafinsa, fassararta ita ce "babu kuskure". Wajibin malami dai ya duba mazaunin kalmar tukuna, sa'an nan ya fassara.