Ɗalibi da Ƙuri'arsa

Tun 1979 duk ɗan Nijeriya mai shekara 18 yake da ikon jefa ƙuri'a, muddin ya yi rajista da hukumar zaɓe, wato INEC a yau, ya kuma karɓi katinsa. To, a nan matsalar ɗalibi take, domin mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. Ɗalibin Kongo da ya yi rajista a Funtuwa, Funtuwa zai koma. Saboda haka, wanda ranar zaɓe za ta riske shi a Tudun Wada, sai ya nemi hukumar ta dawo da rajistarsa nan tun da wuri. Kada ya yi sabuwa, gama rajista sau biyu laifi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.