Kafin Ka Ce Za Ka Zama Bakaniken Jirgin Sama

Idan yaro ya tashi da son kwance-kwance, rediyon gida bai tsira daga hannunsa ba, janareta ta lalace shi ake kira, sai dangi su fara cewa ai wannan gyaran jirgin sama ya dace da shi. Ba su yi ƙarya ba, hannu mai son ƙarfe jari ne. Sai dai shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da sana'ar take nema. Wanda ya fi nauyi shi ne hali, kuma shi ya kamata matashi ya auna tun kafin a sayar da gona a biya masa kuɗin makaranta.

A garejin mota, bakaniken da ake yabo shi ne mai dabara: babu kayan gyara, ya yanko waya ya ɗaure, ya ce maigida a je a gwada. A rumfar gyaran jirage, irin wannan dabarar ce take raba mutum da lasisinsa. Kowane aiki yana da shafinsa a littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, kowane noti yana da iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi, kuma ko ka saba da aikin har ka haddace, littafin zai kasance a buɗe a gabanka. A watan Yuni na 1990, wani ƙwararren ma'aikacin British Airways ya sauya gilashin gaban jirgi da tsakar dare a Birmingham ta Ingila. Bai duba lambar kusoshin a littafi ba, ya gwada su da ido. Cikin kusoshi 90, guda 84 sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Jirgi na yin sama gilashin ya fice, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Ya rayu. Mai gyaran kuwa ba jahili ba ne, sabo ne ya ci shi.

Duk da haka bin littafi ya fi sauƙi a kan abu na biyu, wato iya cewa a'a. Jirgi ba ya tashi bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Sa'ad da zai sa hannun nan, fasinjoji sun cika ɗakin jira suna mita, manaja na tsaye a kansa yana lissafin asara. Mu nan Arewa mun san kuɗin wannan matsin. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, mai jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna tun kwanaki kafin nan makanikai sun san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an sauya alƙaluman da ke cikin takardar gyara. A safiyar tafiyar babban bakaniken ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayoyin da ita, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutar. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

To, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, ba a musu da na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma idan wanda ya haife ka a shekaru, wanda kuma albashinka ke hannunsa, ya ce sa hannu kawai Allah zai kiyaye, za ka iya rusunawa cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe, wannan jirgin ba zai tashi ba? Idan kai ne ka manta sifana a cikin inji, babu wanda ya gani, za ka kai kanka ƙara? Wanda amsarsa take rawa, ya nemi wata sana'ar, ba abin kunya ba ne.

Hanyar shiga a bayyane take. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da masu gyara, haka ma cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna. Ana son lissafi da kimiyya, da Turanci mai ƙarfi, domin da shi aka rubuta littattafan. Wasu kan bi ɓangaren gangar jiki da inji, wasu na lantarki da na'urori. Takardar makaranta ba lasisi ba ce. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ce ke bayar da shi bayan jarrabawa, kuma ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta ce ko wanda ya gama makarantar da aka amince da ita sai ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki ƙarƙashin wani kafin ya samu cikakken iko. Bayan nan kowane samfurin jirgi da kwas ɗinsa: izinin Boeing 737 ba ya ba ka damar sa hannu a kan Embraer. Kwasa-kwasan nan da yawa da dala ake biyansu, shi ya sa matashi kan jira kamfani ya ɗauki nauyinsa.

Jiki ma yana da nasa haraji. Jirgi da rana yake nema wa mai shi kuɗi, saboda haka da dare ake yawan duba shi. Ranar Sallah aiki, lokacin jigilar alhazai aiki ninki biyu. Akwai zafin kwalta a filin Malam Aminu Kano cikin bazara, da sanyin asuba na hunturu, da ƙarar inji mai cin kunne a hankali, da man birki mai ƙona fata, da rarrafe cikin tankin mai na fiffike inda da ƙyar mutum ke juyawa. Mai wahalar bambanta launuka ya je a gwada idonsa tun da wuri, musamman idan lantarki yake so. Mata suna wannan aiki kuma suna iyawa, don natsuwa ake nema fiye da ƙwanji.

Maganar kasuwa kuwa, kada a ruɗe ka. Kamfanonin jirage a Nijeriya suna tashi suna faɗuwa. Nigeria Airways kansa ya daina aiki a 2003. Babban gyaran da ake kwance jirgi na makonni, galibi waje ake kai shi, irin su Habasha da Turai, ko da yake Aero Contractors yana yin wani a Legas. Mai lasisi da izinin samfuri biyu ko uku nemansa ake yi, har a ƙasashen Larabawa. Sabon ɗan makaranta shi ne ke shan yawo da takardu, kuma mafi yawan guraben suna Legas da Abuja, sai kaɗan a Kano, don haka mai shirin shiga ya shirya barin gida.