Matmata: Garin da mutanensa ke kwana a ƙarƙashin ƙasa

Matafiyin da ya taso daga birnin Gabes a kudancin Tunisiya ya nufi tuddan Matmata, tafiyar kimanin kilomita 40, zai iya wuce unguwa guda bai sani ba. Babu katanga, babu rufi. Sai ya leƙa bakin wani makeken rami sannan ya hango shanya da tukunya a kan murhu.

Haka al'ummar Amazig na yankin, waɗanda harshensu dangin na Buzaye ne, suka daɗe suna gini. Akan haƙa rami mai faɗi, zurfinsa ya kai gaba uku zuwa biyar, ya zama tsakar gida. Daga nan sai a rarake bangonsa a fitar da ɗakunan kwana da madafa da rumbun ajiye hatsi da man zaitun, a shafe su da farar ƙasa. Ƙofar shiga wata siririyar hanya ce da ke ɓullewa ta gefen tudu. Hikimar tana cikin ƙasar kanta: ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Saboda haka ɗaki yakan yi sanyi lokacin da rana ke ƙuna a waje, ya yi ɗumi a daren hunturu, ba fanka, ba kuɗin lantarki.

Babban abokin gabar irin wannan gida shi ne ruwa. A 1969 mamakon ruwan sama ya rusa da yawa daga cikinsu, gwamnatin Habib Bourguiba kuma ta mayar da iyalai Sabuwar Matmata, garin bulo da siminti. Wasu sun tafi, wasu sun ƙi.

Duniya ta san garin ne ta fim ɗin Star Wars na 1977, wanda aka ɗauki wani sashensa a otal ɗin Sidi Driss, shi ma a cikin rami. Baƙi suka yi ta zuwa, masu gida na tarbarsu da shayi da gurasa. Amma juyin juya halin 2011 da hare-haren 2015 sun rage masu yawon buɗe ido ƙwarai.

Abin da ya fi ambaliya barazana yanzu shi ne ƙaurar matasa zuwa birane neman aiki. Gidan rami yana buƙatar mai kwashe ƙasar da ta zaizayo, mai gyara magudana kafin ruwa ya sauka. Wanda aka kulle aka bari shekaru kaɗan, bangonsa kan rufta ya binne ɗakunan.