Zaɓen Shakazobar Gaba In An Ɗaga Mota

Wasu direbobin ƙauye sukan sa a ɗaga motarsu don kada cikinta ya bugi ƙasa a gargada. To, in an ɗaga mota, tsohuwar shakazobar gaba takan gaza tsawo. Da taya ta faɗa rami sai ta miƙe iyakarta, ka ji ƙwas. Nan da nan take lalacewa.

Ka tambayi bakanike inci nawa aka ɗaga motar. In inci 2 ne, nemi wadda aka yi domin ɗagin inci 2. Canja hagu da dama tare, ko da ɗaya ce ta mutu. Ta gwanjo kuwa, in mai na tsattsafowa a jikinta, bar ta. Bayan an ɗaura, a daidaita tayoyin gaba, don kada su cinye ta gefe ɗaya.